Tsutsar Ciki: Mun Kula Da Garke, Mu Kula Da Masu Garke

Ina gaida ardo-ardo da sarakunan zango, ina gaida dattawa, ina gaida iyayenmu mata da suka baro tatsa da kirɓi suka zo. Ina gaida ƴan kasuwar bisashe, da dillalai, da mahauta.

Zan fara da wata tambaya. In tunkiya ta fara ramewa alhali ga ciyawa, gashinta ya tashi, ƙarƙashin haɓarta ya kumbura kamar an ɗura mata ruwa, me makiyayi ke yi? Kowa a nan ya sani. Zai kama ta, ya ja fatar idonta ƙasa ya duba. In ya ga wurin ya yi fari fat maimakon ja, sai ya ce tsutsa ta shanye mata jini, ranar kasuwa ya sayo ƙwaya ya ɗura mata. Wannan ilimi naku ne, ba wanda ya zo daga birni ya koya muku shi.

To, tambaya ta biyu ita ce: yaron da ke kora tunkiyar nan, yaushe rabon wani ya ja fatar idonsa ya duba? Na sha zuwa ruga na tarar an gama ba garke magani kaf, ga yara tsaye suna kallo, cikinsu ya yi gaba, hannuwa sun sirance, tafin hannu fari. In na yi magana sai a ce mini ai haka yaron yake, ko a ce shawara ce, ko a ce mayu. Sau da yawa kuwa ciwon da ke jikin tunkiyar nan, ɗan uwansa ne ke jikin yaron. Shi ya sa yau maganarmu a kan tsutsar cikin mutum take, irin wadda ake ɗauka daga ƙasa.

Yawan abin

Ƙungiyar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa mutum kamar miliyan 1500 ke ɗauke da irin waɗannan tsutsotsi, wato kusan mutum ɗaya cikin huɗu a duniya. Sun fi yawa a ƙasashe masu zafi da laima, inda salga ba ta wadata ba: Afirka kudu da hamada, da kudancin Asiya, da kudancin Amurka.

A nan sai in faɗa muku wani abu da ya shafe mu. Ƙasar arewa mai rairayi, irin ta Abalak, ko Tanut, ko Ingal, ba ta yi wa tsutsar nan daɗi. Zafin rana da bushewa suna kashe ƙwanta da ƴaƴanta da yawa, shi ya sa ciwon ya fi sauƙi a can. Amma makiyayi ba ya zama wuri ɗaya. Da kaka ta wuce, garke ya nufi kudu, a sauka fadamu da bakin gulbi, wasu su tsallaka Gaya su shiga Benin, wasu su bi ta Najeriya har Kamaru. Ɗan kasuwa kuma ya loda shanu daga Gidan Ider ko Maigatari, ya yi kwanaki a Ibadan, ko Ikko, ko Kwatano. Can ƙasa a jiƙe take, ga inuwa, ga cunkoson jama'a, kuma nan ne gidan tsutsa. Ke nan mutumin arewa yana iya ɗauko ta a kudu ya taho da ita gida cikin cikinsa, in damana ta sauka ya zuba ƙwanta a gefen tabkin da kowa ke sha.

Su wane ne tsutsotsin?

Manyansu uku ne, akwai kuma ta huɗu da zan ambata daga baya.

Ta farko ita ce wadda muke kira macijin ciki, likitoci na ce mata askaris. Ita ce kowa ya sani, domin takan fito a bayan gida, wani lokaci ma ta baki ko ta hanci. Tsawon macen yakan kai santimita 20 zuwa 35, kusan tsawon kamu guda na hannun yaro. Mace ɗaya tana zuba ƙwai kamar 200.000 a rana ɗaya. Ƙwan ba ya ganuwa da ido, sai da madubin likita. Yana fita tare da kashi, ya zauna cikin ƙasa kamar mako 3 kafin ya nuna. Yana da ɓawo mai tauri, har yana iya yin shekaru a ƙasa mai laima bai mutu ba. In yaro ya yi wasa a wurin ya sa hannu a baki, ko aka ci ganye ɗanye da ƙasa a jikinsa, ko ƙura da ƙuda suka kai shi bakin ƙwarya, to ya shiga. Da ya ƙyanƙyashe a hanji, ƴar tsutsar sai ta huda ta shiga jini, ta je huhu ta yi kwana 10 zuwa 14, ta hau maƙogwaro, mutum ya yi tari ya haɗiye ta, sannan ta koma hanji ta girma. Daga haɗiyar ƙwan zuwa ranar da ita ma za ta fara zuba nata, wata 2 zuwa 3 ne. Tana rayuwa shekara 1 zuwa 2 tana cin abincin da yaro ya ci.

Ta biyu ita ce mai ƙugiya, wadda ake kira ankilostom. Ita ƙarama ce, tsawonta kamar santimita 1, amma ta fi ta farko ɓarna ga jini. Ƙwanta yana ƙyanƙyashewa a ƙasa cikin kwana 1 ko 2, bayan kwana 5 zuwa 10 ƴaƴan sun isa kama mutum, kuma suna iya jira mako 3 zuwa 4 a ƙasa mai danshi da inuwa. Ba ta jiran a haɗiye ta. Tana huda fatar ƙafa, musamman tsakanin yatsu, ta bar ƙaiƙayi da ƴan ƙuraje, ta bi jini zuwa huhu, ta sauko hanji, ta maƙale da bakinta tana tsotsar jini.

Ta uku ita ce mai kama da bulala, ana ce mata tirikosefal. Tsawonta kamar santimita 4, tana soka siririn kanta cikin babban hanji. Ita ma ta baki ake ɗaukar ƙwanta. In ta yi yawa tana sa zawo mai jini da majina wanda ba ya jin magani, har ta kai yaro ga fitar baya saboda yawan nishi.

Ku lura da abu biyu. Na ɗaya, waɗannan ukun ba su hayayyafa cikin cikin mutum. Kowace tsutsa da ke ciki, daga waje ta shigo. Wanda ke da guda ɗari, sau ɗari aka shige shi. Na biyu, ba a ɗaukar su kai tsaye daga mutum zuwa mutum, dole sai ƙwan ya kwana a ƙasa ya nuna. Ƙasa ce gadar da suke bi, kuma kashin mutum ne ke kai su ƙasar. Duk wanda ya fahimci wannan ya riga ya san inda za a tare hanya.

Abin da take ci mana

Bari mu yi lissafi irin na kasuwa. Irin mai ƙugiyar da ya fi yawa a Afirka ta yamma, kowace ɗaya tana jawo asarar jini kamar ƙaramin ɗigo guda a rana. Za ku ce ɗigo ai ba komi ba ne. To mutum mai guda 500 fa? Wannan cikin babban cokali ne kowace rana, a wata ɗaya kusan rabin lita. Akwai kuma ɗaya irin, wanda ya ninka wannan shan jini sau biyar ko fiye. Ku ɗauka saniya ce ake tsaga wa jijiya kullum ana ɗiban kaɗan. Ba za ta faɗi yau ba, amma nono zai ragu, tafiya ta gagare ta, in rani ya tsananta ita ce farkon kwantawa.

Haka abin yake ga mutum. Namiji yana jin kasala, jan guga biyu sai haki, ya ga jiri in ya miƙe. Yaro ba ya girma yadda ya kamata, ba ya son abinci, ko kuma ya ci bai ga amfaninsa ba, in an sa shi karatu ba ya riƙewa. Mai ciki ita ta fi shiga haɗari, domin jininta na mutum biyu ne. In ta kai ranar haihuwa da ƙarancin jini, zubar da wata za ta jure ita tana iya tafiya da ita, jaririn kuma ya zo ƙarami. Mu da ke kwana nesa da likita, tafiyar yini a kan jaki ko amalanke, mun san abin da wannan ke nufi.

Wani zai ce, mu da ke shan nono safe da yamma, ina mu ina ƙarancin jini? Nono abinci ne mai albarka, yana gina ƙashi da tsoka, amma sinadarin ƙarfe da jiki ke yin jini da shi kaɗan ne a cikinsa. Ana samun sa a hanta, da nama, da kifi, da wake, da ganye irin su zogale. Makiyayi kuwa ba ya yanka dabbarsa sai da dalili. Ga shi kuma shayi mai kauri da muke sha a kan abinci yana rage wa hanji ɗaukar ƙarfen da ke cikin hatsi da ganye. Ban ce a bar shayi ba, na san ba za a ji ni ba. Na ce a ɗan jinkirta shi bayan cin abinci, musamman mata masu ciki, kuma kada a saba wa ƙananan yara da shi.

Kada kuma a ɗora wa tsutsa laifin kowane farin ido. Zazzaɓin sauro yana shan jini, tsargiya mai sa fitsarin jini tana sha, amosanin jini na gado shi ma haka. Shi ya sa in an ga alamar, sai a je likita a auna, a duba bayan gida da jini.

Akwai ranar da ba a jira. In yaro cikinsa ya kumbura ya yi tauri, yana murɗa, yana amai, bayan gida da tusa sun tsaya, to mai yiwuwa macizan ciki ne suka dunƙule suka toshe hanji. Kada a ɗura masa jiƙo, kada a ba shi maganin wankin ciki, kada a yi masa tsaga ko lalas. A ɗauke shi zuwa babbar likita a ranar, domin wani lokaci sai an yi aiki.

Yadda aka gane ta, da yadda wasu suka rabu da ita

Ciwon nan ba na baƙar fata ba ne kaɗai, ba kuma na mutanen daji ba. A shekarar 1838 wani likita ɗan Italiya, Anjelo Dubini, ya fara ganin mai ƙugiya a hanjin wata mata a birnin Milan. Wajen 1880, lokacin da ake huda dutsen Gotar a ƙasar Suwis domin hanyar jirgin ƙasa, leburori da yawa suka kwanta da rashin jini, wasu suka mutu. Da aka bincika, sai aka ga suna bahaya cikin ramin da suke aiki, suna taka taɓon da takalma yagaggu. Daga baya wani masani Bajamushe, Artur Los, yana aiki a Alƙahira kafin shekarar 1900, ruwa mai ƴaƴan tsutsar ya zube masa a hannu. Wurin ya yi ja yana ƙaiƙayi, bayan wani lokaci ya ga ƙwan a nasa bayan gida. Ta haka duniya ta san cewa ta fata take shiga.

A kudancin Amurka ta Arewa, cikin manoman auduga, ciwon ya yi yawa har ana yi musu gorin lalaci. A 1909 attajirin nan Rokafela ya ba da dalar Amurka miliyan 1 domin a yaƙe shi, kuma da aka auna ƴan makaranta sai aka tarar kamar 4 cikin 10 suna da shi. Aka ba da magani, aka gina salga, aka koya wa mutane sa takalmi. Ƙasar Koriya ta Kudu a 1971 fiye da mutum 80 cikin 100 suna da tsutsar ciki iri-iri. Suka riƙa auna ƴan makaranta suna ba su magani shekara da shekaru, suka gyara salga, suka bar zuba ɗanyen kashin mutum a gona. Yau da wuya ka samu macijin ciki a yaransu.

Mu ma muna da namu misali. Dattawan da ke nan sun tuna kurkunu, yadda yake kwantar da mutum a tsakiyar damana. Da tace ruwa da hana mai ciwo shiga tabki aka kore shi, har a 2013 OMS ta tabbatar da cewa Nijar da Najeriya sun rabu da shi. Ba allura aka yi ba, hali aka canza.

Magani

Maganin tsutsar ciki yana nan, ba shi da tsada, kuma sunansa ba baƙo ba ne a kunnenku: albendazol. Na mutum ƙwaya ɗaya ce mai miligaram 400, a tauna sau ɗaya. Akwai kuma mebendazol mai miligaram 500. Yaro daga wata 12 zuwa 23 rabin ƙwayar albendazol ake ba shi. Wanda bai kai shekara ba, ba a ba shi sai likita ya gani. Ƙaramin yaro a murƙushe masa ƙwayar a ɗan ruwa, yana zaune, kada a danne shi a toshe masa hanci yana kuka, domin tana iya sarƙe shi. Mai ciki ba ta sha a wata 3 na farko. Bayan nan ana ba ta a wurin awon ciki, tare da ƙwayoyin ƙarin jini. Wannan ma kun san irinsa, domin malaman dabbobi suna hana ba saniya ko tunkiya albendazol a farkon ɗaukar ciki.

Ƙa'idar OMS ita ce, inda yaro 20 cikin 100 ko fiye ke da tsutsa, a ba yara duka sau ɗaya a shekara ba sai an auna kowa ba. Inda abin ya wuce 50 cikin 100, sau biyu. Tun 2001 babban taron lafiya na duniya ya ɗauki alkawarin kai magani ga aƙalla yara 75 cikin 100 na masu shekarun makaranta, kuma kamfanonin da ke yin ƙwayoyin suna ba da su kyauta domin wannan rabo. A Nijar an fara babban rabon maganin tsargiya da tsutsar ciki a 2004.

Yanzu ga gargaɗin da na fi so ku riƙe. Na taɓa sauka a wani zango, wani dattijo ya nuna mini ƙatuwar ƙwayar shanu da ya gutsura wa jikokinsa, yana cewa ai suna ɗaya ne. Sunan ɗaya ne, gaskiya, amma awon ba ɗaya ba ne. Ƙwayar shanu akwai mai miligaram 2500, ta ninka ta babban mutum fiye da sau 6, kuma ba wanda zai iya gutsura daidai da haƙori ko wuƙa. Ba a kuma yi ta da tsabta da kulawar da ake yi wa maganin mutum ba. Ta tebur da ta sha rana a kasuwa ma ba ka san abin da ke cikinta ba. Wasu ƙwayoyin da ruwan ɗurawa na dabbobi an gauraya su da wani magani na ciwon hanta wanda ke iya yi wa mutum mummunan lahani. Allurar ibamektin ta shanu kuwa, kada wanda ya kuskura ya sha ko ya yi wa mutum. Na garke na garke ne, na gida a karɓo shi a likita ko a kantin magani mai izini.

Na ce akwai ta huɗu. Sunanta angilul. Ita ma ta fata take shiga, amma ta saɓa wa sauran, domin tana iya sabunta kanta cikin jiki ta zauna shekaru da yawa shiru. Ranar da mutum ya sha magungunan da ke kwantar da garkuwar jiki, irin su dekisametazon da wasu ke saye a kasuwa domin ƙiba ko ciwon gaɓɓai, sai ta bazu ko'ina, tana iya kisa. Maganinta ibamektin na mutum ne, a hannun likita. Wanda ya yi zama a kurmin kudancin Kamaru ko Afirka ta Tsakiya ya faɗa wa likita kafin a ba shi, domin can akwai wata tsutsar jini mai ratsa ido wadda ba ta jituwa da wannan magani.

Abu na ƙarshe a kan magani: yana kashe tsutsar da ke ciki yau, ba ya hana ta gobe. In yaro ya koma wasa a ƙasar da ya ɗauko ta, cikin ƴan watanni ta dawo. Mai kama da bulala ma ƙwaya ɗaya ba ta cika gamawa da ita ba. Kun san garken da aka ba magani aka mayar da shi fadamar da ta lalace.

Tsakanin mutum da dabba

Ana yawan tambayata ko daga shanu muke ɗaukar tsutsa. Amsa ita ce, manyan ukun nan na mutum ne, daga kashin mutum suke fitowa. Tsutsar da ke shan jinin tumaki ba ita ce ke cikin yaranku ba. Akwai dai wasu ƙanana na awaki da tumaki da kan shiga mutum in ya ci ɗanyen ganye da aka yi wa taki da kashinsu. Kashin kare kuma yana da nasa: wata tana shiga fata ta riƙa zana layi mai ƙaiƙayi kamar tafiyar maciji, wata in yaro ya haɗiyi ƙwanta tana yawo har hanta da ido. Karen garke ma a ba shi nasa magani, a kuma hana shi kwana inda yara ke rarrafe.

Amma ga inda abin ya taɓa aljihu, ƴan kasuwa da mahauta ku saurara. Tsila, wato doguwar tsutsa mai faɗi da ke fita gunduwa-gunduwa, mutum yana samunta daga naman shanu da bai dahu ba. Saniya kuwa a ina ta samu? A ciyawa ko ruwan da mai tsila ya yi bahaya a kai. Ƙwan ya shige ta, ya zama ƴan ƙulli farare kamar ƙwayar shinkafa a tsoka, da zuciya, da harshe, da naman muƙamuƙi. In malamin duba nama ya gan su a mayanka, ko ya riƙe naman, ko ya hana sayar da shi. Sa mai tsada ya tashi a banza saboda wani ya tsuguna a makiyaya. Ke nan tsabtar mai kiyo tana cikin kuɗin saniyarsa. Tsila maganinta dabam ne, ƙwayar albendazol ɗaya ba ta isa ba, sai a faɗa wa likita abin da aka gani.

Abin da za mu iya, ko muna kan hanya

Na san wani yana cewa a ransa, malam, mu da ke tashi bayan kwana goma, ina za mu gina salga? Gaskiya ne. Amma ba a rasa hauya a ruga.

Da an sauka sabon mashekari, kafin a kafa bukkoki, a ware wurin bahaya, ɓangaren maza da na mata. Ya kasance ta gangare, nesa da rijiya ko tabki da aƙalla taki 40 na babban mutum, ba a kan burtali ba, ba a inuwar da ake hutawa ba. Inuwa mai danshi ita ce inda mai ƙugiya ta fi daɗewa tana jira. Malamanmu ma sun daɗe suna hana ɓata inuwa da hanya da mashaya. Kowa ya tona rami kamar taƙi ɗaya, in ya gama ya rufe. Inda za a yi wata ɗaya ko fiye, kamar mazaunin rani a bakin rijiya, a haƙa dogon rami ko salga sosai, a riƙa zuba ƙasa ko toka.

Kashin yaro ba ruwa ba ne. Iyayenmu mata, ku gafarce ni, an saba cewa na jariri ba shi da komi, alhali yara su suka fi kowa yawan tsutsa, nasu ya fi ɗaukar ƙwai, kuma a tsakar gida suke yin sa. A kwashe shi nan take a binne, kada a bar wa kare ko kaji.

Takalmi. Babba yana da nasa na roba, yaron da ke bin maruƙa cikin raɓa shi ne ba shi da shi. Kuɗin takalmin yara uku bai kai kuɗin ɗan akuya ba. A sa shi musamman da damana, da lokacin zuwa wurin bahaya, da cikin kasuwar shanu in ta yi caɓi.

Wanke hannu da sabulu, in babu da toka, bayan bahaya, bayan wanke wa yaro, kafin tatsa, kafin dama fura, kafin cin abinci. Buta ta fi kwano ɗaya da kowa ke tsoma hannu. A yanke wa yara farce. A rufe ƙwarya da faifai.

Matafiya, salak da kabeji da karas na bakin tasha, in ba ku ga an wanke su da ruwa mai kyau ba, ku haƙura ku ci abin da ya sauko daga wuta. Wuta tana kashe ƙwan tsutsa. Tsire da balangu ma a bari su gasu har ciki. Mata masu ciki da ke sha'awar cin ƙasa ko farar ƙasa, wannan sau da yawa alamar ƙarancin jini ce, a je awo a karɓi ƙwaya.

Rabonmu a rabon magani

Saura magana ɗaya, kuma ta shugabanni ce. Yawancin rabon maganin nan a makarantu da garuruwa ake yin sa. Yaron da ke bayan garke ba ya cikin rajistar kowa, ranar da masu rabo suka zo shi yana wata ƙasa. Ba a hana shi ba, ba a dai gan shi ba. A ƙasar Cadi, tun daga shekarar 2000, an gwada haɗa malaman dabbobi da malaman lafiyar mutane a mota ɗaya, a yankunan Shari-Bagirmi da Kanem. Ana yi wa shanu rigakafi, a gefe guda ana yi wa yara da mata nasu. Makiyaya suka fito, kuɗin tafiya ya ragu, aka kai ga yaran da ba a taɓa kai wa ba.

Wannan abu ne da za mu iya nema. Ardo ko sarkin zango ya je wurin shugaban likitar da ke kusa tun kafin lokaci, ya ce masa: ga inda za mu sauka, ga watan, ga yawan yaranmu da matanmu masu ciki. A nemi ranar allurar shanu ta zama ranar maganin tsutsa na yara. A nemi masu rabo su zo ranar kasuwa, su zo manyan rijiyoyi, su zo taron gishiri na Ingal da sauran wuraren da ake haɗuwa bayan damana. A cikinmu a zaɓi saurayi ko budurwa mai ɗan karatu, a koya masa awon ƙwaya, ya riƙa tafiya da ruga. Shugabannin kasuwannin bisashe kuma, cikin kuɗin da ake karɓa a kan kowane kai, a fitar da na gina salga da ajiye ruwa da sabulu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ƴan uwa, yau da yamma in garke ya dawo an gama tatsa, kowa ya kira ƴaƴansa da matan gidansa. Ya duba fatar ido, ya duba tafin hannu, ya duba harshe, kamar yadda yake duba tunkiyarsa. Wanda aka ga ya yi fari, ranar kasuwa mai zuwa a tafi da shi likita. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Mai tambaya ya ɗaga hannu, iyaye mata ku fara. Allah ya ba mu lafiya, mu da iyalanmu da bisashenmu, ya sa mu ga damana mai albarka.